Fitilar da Ta Bar Tashar Gusau

Ranar da fitilar tashar jirgin ƙasa ta Gusau ta ɓace, kafin hantsi ya ɗaga an riga an sami ɓarawo, an ɗaure shi, an kuma lallasa shi. Abin da ba a samu ba kawai ita ce fitilar.

Ba wata fitilar a zo a gani ba ce. Irin ta hannu ce ta ma'aikatan zamanin da, baƙa, mai gilashi ja da kore, wadda ake ɗaga wa direba ya tsaya ko ya wuce. Amma ita da ƙararrawar da ke rataye a baranda su ne ɗan abin da ya rage wa tashar na nuna wa baƙi. Shekaru ke nan jirgi bai leƙo ba. Awaki sun gaje dandamali, ciyawa ta haɗiye layi, tsohon siton kaya kuwa ya zama gidan wasu iyalai da 'yan bindiga suka koro daga ƙauyukan Mada. Mutanen unguwa sun bar su sun zauna, amma irin barin nan da ake yi ana hararar mutum.

Cikin 'yan siton akwai Bashar, wanda da manomi ne, yanzu yana tura baro yana tsintar gwangwani da tsohon ƙarfe. To, an ce ƙarfe ya ɓace, ga mai tsintar ƙarfe a kusa. Wa zai tsaya dogon tunani?

Matarsa Shafa'atu ce ta kira yayanta Mas'udu a waya, kuka ya hana ta haɗa magana. Mas'udu mai bin sawu ne a Tsafe. A da, in saniya ta ɓace, shi ake kira tun raɓa ba ta bushe ba. Yanzu shanun da ake kora daji suke shiga inda ba mai bin su, don haka ya koma noman wake. Ya ajiye fartanya, ya hau motar Gusau, ko riga bai sake ba.

Rabonsa da tashar tun yana yaro, lokacin da mahaifinsa ya kawo shi kallon yadda ake loda auduga. Da ya shigo ya ga rufin ya yi tsatsa, tagogi sun zube, sai zuciyarsa ta karye. Amma da ya hango Bashar ɗaure a jikin ginshiƙin baranda, fuska a kumbure, igiya ta nutse cikin tsintsiyar hannunsa, sai ya manta da rufi da taga.

Wani ƙaƙƙarfa mai gora ya tare shi. Abdulaziz ke nan, shugaban 'yan sintirin unguwa.

"Kai ne yayan matar? Ka zo wanke surukinka ke nan."

"Ƙasa na zo dubawa," in ji Mas'udu. "Abin da ta faɗa shi zan faɗa."

"To ka yi sauri. Munka yanke magana: kafin magariba, ko fitila ta fito, ko duk na siton nan su kwashe komatsansu. Mun gaji."

"Su nufi ina?"

"Inda sunka fito."

Inda suka fito ɗin ko kare ba ya kwana. Mas'udu ya hango Shafa'atu a bakin sito tana ɗaure tukwane cikin zane, 'ya'yanta sun riƙe mata gefen hijabi.

Ya durƙusa gaban Bashar.

"Mi sunka samu wurinka?"

"Kusoshin layi, Yaya, cikin baro. A ciyawa na tsince su, ban ɓoye ba. Sai sawun barona a bakin ofis, kuma kullum ta nan nike bi. Amma fitila, wallahi ko taɓa ta ban taɓa yi ba." Ya dubi hannunsa. "Yaya, yatsuna sun daina ji."

Mas'udu ya roƙi a sassauta igiyar. Abdulaziz ya ce sai an ga fitila.

Bakin ofishin da ake ajiye fitilar kuwa ba abin karantawa. Duk wanda ke da ƙafa a unguwar ya zo ya tattake wurin, har da masu tallar gyaɗa. Ruwan da aka yi jiya ya shirya masa ƙasa luf, jama'a sun dama ta kamar kunu. Mas'udu ya yi tsaki ya shiga wurin mai gadi.

Malam Shu'aibu mai gadi dattijo ne siriri, ya zauna ya rafka tagumi. Shi ma an fara raɗe-raɗin ko shi ya sayar, shi ya sa bakinsa ya fi na kowa saurin ambaton 'yan sito.

"Asuba na tafi masallaci, na dawo na tarar da ƙofa a kulle yadda na bar ta. Sai da na buɗe zan yi shara na ga wayam."

"A kulle? Ina mabuɗin yake?"

Malam Shu'aibu ya nuna wani rami a saman ƙofa, bayan bulon da ke motsi. "Nan muke aje shi tun zamanin waɗanda na gada. Nan na same shi."

"Wa ya san wurin?"

"Duk wanda ya taɓa aiki a nan. Da waɗancan." Ya nuna sito da haɓa. "Ido gare su kamar me."

"Bayan fitila, mi anka ɗauka?"

"Ba komi. Sai ashanata."

Ɓarawon da zai kulle ƙofa ya mayar da mabuɗi, ya kuma haɗa da ashana, Mas'udu bai taɓa jin irinsa ba.

"Jiya wa ya ga fitilar?"

Nan dattijon ya ɗan washe. Jiya da la'asar wata malama ta kawo ɗalibanta daga Zariya su ga tsohuwar tasha. Rabon da wani ya tambaye shi tarihin wurin har ya manta, sai daɗi ya kwashe shi. Ya zagaya da su ɗakin tikiti da ma'aunin kaya, ya zuba wa fitilar kananzir ya kunna musu, ya juya ja ya juya kore. Wani ɗalibi ma ya tambaya cikin raha ko ta sayarwa ce.

"Ka ga, shi ne anka ce na sayar. Ni! Sannan na buga masu ƙararrawa, irin bugun da ake yi in jirgi ya taso daga Tsafe. Kai, ka ga yadda tantabaru sunka watse? Har Baba Sule ya miƙe daga tabarmarsa ya zo bakin dandamali ya ƙame kamar soja. Yaran sunka yi ta dariya suna ɗaukarsa a waya."

"Wane ne Baba Sule?"

"Uban Mansura mai waina. Tsoho ne, ba ya ko magana."

Mansura tana gindin wata bishiyar dogon yaro a ƙarshen dandamali, da tandarta. Tun daga nesa Mas'udu ya ji ƙauri. Mace mai sana'ar waina, waina tana ƙonewa a gabanta, ita kuma idonta yana can kan layin da ya miƙe kudu. Gefenta ga tabarma a shimfiɗe ba kowa a kai, da kwanon koko a rufe.

"Sannu da aiki, baiwar Allah. Wainarki na ƙonewa."

Ta zabura ta hau juyawa.

"Da sassafe kina nan?"

"Ban ga komi ba."

"Ban ce kin gani ba. Ina mai tabarmar?"

"Shina gida, a Sabon Gari. Zazzaɓi ya kwana da shi."

"Allah ya ba shi lahiya."

"Amin," ta ce, ba ta ɗago ba.

Mas'udu ya sunkuya kamar mai gyara takalmi. A gefen tabarmar, inda inuwa ta hana ƙasa bushewa, akwai sawun takalmin roba wanda aka ɗinke dugadugansa na hagu da waya, da ɗigon sanda a kusa. Ya adana shi a ransa ya wuce.

Tunda bakin ofis ya lalace, sai ya yi abin da yake yi in garke ya tattake bakin rafi: ya fita can nesa, ya dinga zagaye tashar yana neman abin da ya fita shi kaɗai. Wajen arewa, hanyar da ta yi ƙasar Bungudu, ba komi sai sawun awaki. Wajen kasuwar 'yan gwangwan, inda kowa ya rantse nan aka kai fitilar, sawun baron Bashar ne na jiya, ruwa ya riga ya dake shi. Sai a kudu, tsakiyar layi, inda ba mai bi saboda ƙaya, ya ga ciyawa ta kwanta.

Ya bi. Mutumin bai taka ƙasa ba, a kan ƙarafan da ke gicciye ƙarƙashin layi yake tafiya, yana barin ɗan taɓo a kan kowane. Duk inda ƙarfen dogo biyu suka haɗu, sai a ga ya tsaya, ga ɗigon sanda a gefe. Can gaba, bayan gidajen ƙarshe, akwai wurin da aka daɗe da kwashe ƙarafan gicciyen, sai jar ƙasa fili. Nan sawun ya fito sarai: takalmin roba, dugadugan hagu ɗinke da waya.

Amma ba takalmin ne ya tsayar da Mas'udu ba, takun ne. Gajere ne, kuma kowane daidai da ɗan'uwansa, kamar an auna da igiya. Ya gwada taka inda mutumin ya taka, ya ji tafiyar ta takura shi. Ya waiwaya ya dubi tazarar ƙarafan da ya baro, ya sake duban sawun. Tazara ɗaya ce. Ƙarafan ba su nan, amma ƙafar mutumin tana taka su.

"Inna lillahi," ya ce a hankali.

Gefe kuma ga sawun silifas na mace. Ya biyo na tsohon har bakin gonaki, ya tsaya ya yi dabur-dabur wuri ɗaya, sannan ya juya gari da gudu.

Ransa ya so ya ci gaba, don ya san tsoho ne a cikin wannan rana, ga dajin ba lafiya ba. Amma in ya dawo da fitila a hannunsa shi kaɗai, cewa za a yi Bashar ne ya raɗa masa inda ya ɓoye ta. Dole masu ɗaurin su gani da idonsu. Ya juya, yana haɗawa da gudu.

Ya tara su a baranda: Abdulaziz da yaransa, Malam Shu'aibu, Mansura da aka kira ta zo tana goge hannu a zane, da Bashar a jikin ginshiƙinsa. Jama'a sun yi da'ira.

"Malam Shu'aibu bai sayar ba," in ji Mas'udu. "Mai sayar da abin da ke hannunsa ba ya jira sai ranar da gari duka ya ga abin yana ci."

"Mun ji. Surukinka fa?" in ji Abdulaziz.

"Kai ka taɓa ganin ɗan gwangwan da ya sayi fitila don ta yi haske? Kilo suke aunawa. Wanda ya ɗauke ta ya haɗa da ashana, ya kulle ofis, ya mayar da mabuɗi. Ba sata ya zo yi ba, kayan aiki ya zo ɗauka." Ya juya ga mai gadi. "Malam, a da wa ke bin layi da ƙafa yana ƙwanƙwasa mahaɗar ƙarfe?"

"Masu duba layi. Kullum da asuba, kafin jirgi ya..." Malam Shu'aibu ya tsaya, bakinsa a buɗe.

"Mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa yana taka ƙarafan nan, ko an kwashe su ƙafarsa ba ta sani ba. Sawunsa na can, ku zo ku auna da kanku. Jiya kun buga masa cewa jirgi ya taso daga Tsafe. Shi kuwa ya san layin a yanke yake." Mas'udu ya sassauta murya. "Mansura, wane aiki Baba ya yi?"

Ta zube a ƙasa, ta rufe fuska da mayafi.

"Mai duba layi ne," ta ce cikin kuka. "Jiya bai runtsa ba, yana ta cewa akwai mata da yara a ciki. Na fito kunna wuta na ga ba shi. Na bi shi har gonaki, tsoro ya kama ni, na dawo neman wanda zai raka ni, sai na tarar anka ɗaure wannan bawan Allah ana duka. Na ce in na yi magana Baba za su ɗaure. A garinmu Kekun Waje sai da danginmu sunka sa masa mari a ƙafa wai ya haukace, shi ya sa na gudo da shi nan. Na ce zai dawo da kansa, kullum yana dawowa." Ta juyo wajen Bashar ba ta iya dubansa ba. "Ina jin ihunka ina juya waina. Ka yafe mani."

Wurin ya yi tsit, har ana jin kukan tantabaru a rufi.

"Magana ce kawai," in ji Abdulaziz, amma muryar ta rage kauri. "Sai na gani."

"Don haka na dawo. Kwance shi, da shi za mu."

Da aka warware igiyar, hannun Bashar na dama ya faɗi kamar ba nasa ba.

Suka bi layi, Mas'udu a gaba, Abdulaziz da Bashar da Mansura da Malam Shu'aibu na biye da shi. A wurin jar ƙasar nan ya tsaya ya bar Abdulaziz ya gwada takun da ƙafarsa. Ya gwada, ya dubi ƙarafan baya, ya ga tazara ɗaya ce. Suka wuce gonakin gero da dawa, waɗansu an nome, waɗansu masu su sun gudu sun bar wa ciyawa. Rana ta karkata lokacin da suka hango shi.

Daidai inda ƙarfen dogo ya ƙare, aka yanke shi tun shekarun baya, ruwa kuma ya zaizaye ƙasa ya bar rami, tsohon ya sauka ya haura, ya zauna a ɗaya gefen yana fuskantar Tsafe. Ya ɗora fitilar a gwiwa, jan gilashin yana duban inda jirgi zai ɓullo. Kananzir ya daɗe da ƙarewa. Leɓɓansa sun tsage, ƙaya ta yayyaga masa ƙafafu.

"Baba!" Mansura ta ruga.

Ya ɗaga mata hannu ba tare da ya waiwaya ba. "Koma baya, ɗiyata. Ba a tsayawa kan layi."

Ta ba shi ruwa ya ƙi karɓa, wai hannunsa na kan aiki. Abdulaziz ya matsa zai ɗaga shi, Mas'udu ya riƙe masa riga, ya yi wa Malam Shu'aibu ido. Mai gadin ya share hawaye, ya gyara hula, ya tsaya gaban tsohon.

"Sule mai duba layi! Daga tasha anka aiko ni. Saƙonka ya isa, an tsai da jirgi a Tsafe."

Tsohon ya ɗago a hankali. "An tsai da shi?"

"An tsai da shi. Ka tashi aiki."

"Alhamdu lillahi." Kafaɗunsa suka sauka. Ya karɓi ruwan ya sha, yana bin fuskokinsu da kallo ɗaya bayan ɗaya, har idonsa ya sauka kan Bashar: kumburarriyar fuska, busasshen jini a riga, hannu yana reto. Kwanon ruwan ya suɓuce masa.

"Yaro, a cikin jirgin kake?" in ji tsohon. "Ƙarya kuke mani. Ashe ban iso da wuri ba."

Ba wanda ya iya motsi. Bashar ne ya tako da ɗingishi, ya durƙusa a gabansa.

"Ka iso da wuri, Baba. Kowa ya sauka lahiya. Ni a tasha na ji ciwo."

Abdulaziz ya juya baya, ya daɗe yana kallon gonar wani. Sannan ya jefar da gorarsa cikin ramin, ya durƙusa aka ɗora masa tsohon a baya. Baba Sule ya ƙi ba kowa fitilar sai wanda ya ce masa kowa ya sauka lafiya.

Haka suka shigo tasha ana kiran magariba, Bashar riƙe da fitilar a hannun hagu, a gaban duk waɗanda suka kira shi ɓarawo da safe. Ba wanda ya yi masa sannu da ƙarfi, kowa ya sami abin kallo a ƙasa. Ya miƙa wa Malam Shu'aibu ita, ya wuce sito. Yatsunsa biyu na dama ba su sake lanƙwasuwa ba har yau.

Abdulaziz ya sauke tsohon a tabarmarsa, ya ɗaga murya ya ce maganar tashi ta wuce, kowa ya zauna inda yake. Jama'a suka watse da sauri kamar an ce ruwa ya taso.

Mas'udu ya sami ƙanwarsa zaune a kan ƙunshin kayanta, ta jiƙa tsumma tana danna wa mijinta hannu.

"Yaya, sun ce mu zauna," in ji Shafa'atu. "In kwance kayan?"

Mas'udu ya dubi ginshiƙin baranda. Igiyar tana nan a gindinsa, wani ya naɗe ta tsaf ya ajiye.

"Kwance tabarma da tukunya," ya ce. "Sauran bar su a ɗaure."